Yaƙin cikin waya na shirin fitowa fili, ina za mu sa shi a Gombe?

Jama'a, akwai abin da ke tafe wanda nake ganin gara mu fara maganarsa tun kafin ya iso ya tarar da mu a zaune. Yaƙin nan da yaranmu ke gwabzawa a waya, su Free Fire da PUBG da Call of Duty, ba zai dawwama a cikin waya ba. Manyan kamfanonin duniya sun zuba dukiya mai yawan gaske don su ciro shi daga gilashin waya su shimfiɗa shi a kan ƙasar da muke takawa. Ni dai ina son abin, ina ma fatan Allah Ya nuna mini ranar. Amma so nake ya zo mana a cikin fili mai iyaka, da alƙali, da lokacin farawa da na tashi. Ba na so ya zo mana ta lungu da layin unguwa.

Wanda yake ganin tatsuniya nake yi, ya tuna da shekarar 2016. A watan Yulin shekarar wani kamfanin Amurka mai suna Niantic ya saki Pokémon Go. Wasan yana amfani da taswira da kyamarar waya, sai ka fita da ƙafarka ka je wurin da ya nuna maka, ka ɗaga waya, ka ga wata halitta tsaye a bakin titi wadda ido ba ya gani. Mutane miliyoyi suka bazama tituna a kansa. A Japan kuma akwai wani wasa da ake kira HADO: mutum uku suna karawa da mutum uku a cikin fili, kowa da tabarau a fuska da na'ura a hannu. Idan ka wurga hannu, sai dunƙulen wuta ya tafi wajen abokin karawarka, idan ka ɗaga hannu daga ƙasa sai garkuwa ta miƙe a gabanka. Daƙiƙa 80 ake yi a kowace karawa, amma ana gamawa za ka ga gumi na zuba. Har gasar duniya suke yi.

Kuɗin da ke bayan abin ma ya isa ya nuna maka ba wasa suke ba. Facebook ya sayi kamfanin Oculus mai ƙera tabarau na wasa a 2014 a kan kusan dala biliyan 2, a 2021 ya sauya sunan uwar kamfanin zuwa Meta saboda wannan buri. A 2023 suka fito da tabarau mai suna Quest 3, wanda kana sanye da shi kana ganin ɗakinka da kujerunka da launinsu, sannan ga abokan gaba suna fasa bango suna shigowa. Yadda abin yake aiki ba sihiri ba ne. Kyamarorin da ke jikin tabarau suna ɗaukar wurin da kake, na'urar tana auna nisan bango da ƙasa da ƙofa, tana zana taswirar wurin, sannan ta ɗora hoton ƙarya a kan na gaskiya yadda idan ka juya kai hoton zai tsaya inda yake. Wahalar tana wajen sauri. Idan hoton ya makara fiye da kusan kashi 20 cikin 1,000 na daƙiƙa bayan ka motsa kai, jiri da tashin zuciya ne za su biyo baya. Rundunar sojin Amurka ta ƙulla yarjejeniya da Microsoft a 2021 wadda za ta iya kaiwa kusan dala biliyan 22 don irin wannan tabarau, kuma sojojin da suka gwada na farko-farko sun yi kukan ciwon kai da tashin zuciya. Wato har yanzu ana gyara, amma kullum matsowa ake yi.

To ku ɗan ƙiyasta da ni. Bayan la'asar a filin wasa na Pantami, samari goma nan, goma can. Kai da ke zaune a kan benci ba abin da kake gani sai yara suna gudu, suna duƙawa, suna kwanciya rub da ciki a kan ciyawa, wani yana yi wa ɗan'uwansa alama da hannu ya zagaya ta hagu. Su kuwa a idonsu ganuwa ce ta tashi a tsakiyar fili, ga ƙofa, ga dawaki, ga ƙura. Wanda aka harba, rigar da ke jikinsa za ta yi jijjiga a daidai wurin, tabarau ya yi ja, ya fita gefe ya jira zagaye na gaba. Irin wannan riga mai jijjiga ma tana kasuwa tuni. Ga babban allo a gefe yana nuna wa 'yan kallo abin da 'yan wasa ke gani. Wallahi idan aka yi wannan a Gombe zan sayi tikiti, zan kuma tafi da ƙannena.

Dalilin da ya sa nake so shi ne abin da nake gani kullum a rumfunan cajin waya. Yaro ɗan shekara 15 ya zauna a kan benci, ya dunƙule, wuya a karye, waya a haɗe da wayar caji ta yi zafi har yana sauya hannu, manyan yatsunsa biyu kaɗai ke motsi. Ka yi masa sallama bai ji ba. A kira salla, yana cewa bari wannan zagayen ya ƙare. Sai ka ji ya ƙwala ihu, "Ku rufa min baya, sun zagaye ni!" alhali ba kowa kusa da shi sai mai shago. Hukumar Lafiya ta Duniya ta sa kamu da wasan bidiyo cikin jerin cututtukan da ta amince da su, jerin da ya fara aiki a 2022, ga wanda wasan ya fi ƙarfinsa har ya ture masa karatu da barci da zumunci. Idan akwai fasahar da za ta miƙar da yaron nan tsaye, ta sa shi gudu, ta haɗa shi da abokansa ido da ido, ya dawo gida a gajiye ya yi barci, ni ba zan ƙi ta ba.

Kuma mu ba baƙin wasan faɗa ba ne. Da langa muka tashi, ƙafa ɗaya a riƙe ta baya, ana ture juna, ana kare ruwa har ya kai gida. Dambe kuwa ai faɗa ne na gaske, da naɗin hannu da kiɗa da kirari. Amma ku lura da yadda magabata suka tsara shi. Akwai da'ira, akwai masu raba, akwai turmi, akwai Sarkin Dambe. Wanda ya kai ƙasa an gama da shi, ba a bin sa gida. Sun san jinin saurayi yana tafasa, ba su ce ya daina tafasa ba, sai suka yi masa wurin da zai tafasa ba tare da ya ƙona gari ba.

Inda hankalina yake tashi shi ne titi. Kamfanonin nan ba fili ne babban burinsu ba, domin fili yana da iyaka, cinikinsa ma yana da iyaka. Abin da suke so shi ne gari gaba ɗaya ya zama fagen daga, kowane lungu wurin ɓuya, kowane shataletale wurin kamawa. A Pokémon Go ma haka tsarin yake: 'yan wasa sun kasu rukuni uku, kowane rukuni yana ƙoƙarin ƙwace wasu wurare na zahiri ya riƙe. A ƙasashen da aka ƙirƙiro shi wannan nishaɗi ne. To mu nan Gombe mun san mene ne rukunin samari masu cewa nan yankinmu ne. Mun san Kalare, mun san abin da ya ci mana na rayuka da gaɓoɓi, har ƙungiyar Human Rights Watch ta rubuta a kansa a 2007. Maƙwabtanmu na Bauchi sun san Sara-suka. Yanzu a ce wata manhaja da aka rubuta a wata ƙasa ta raba garin nan gida-gida, ta ce wa yaran Bolari ga yankinku, na Jekadafari ga naku, na Herwagana ku je ku ƙwato wancan layin kafin sha biyun dare ku sami maki. Wanda ya rubuta ta bai san tsohuwar gaba ba, bai san wane layi ne ba a shiga bayan isha'i ba. Faɗan zai fara da wutar ƙarya, amma hannun da ke wurga ta na gaske ne, kuma dutse yana nan a ƙasa kusa da ƙafa.

Bar ma wannan. Yaro yana gudu da tabarau a fuska, hankalinsa na kan abokin gaba da ke kan rufin shago, ya faɗo titin Tashan Dukku a lokacin da 'yan acaɓa da Keke Napep ke rige-rige. Ko kuma samari biyar su fito da daddare, kowa riƙe da abu mai siffar bindiga, suna laɓewa a jikin katangar mutane. Ɗan sintirin unguwa ko jami'in tsaron da ya hango su, a wannan yanayi da Arewa maso Gabas ta sha wuya, wa zai ba shi lokacin tambaya ko wasa ne? Uwa ce za a je a yi wa gaisuwa washegari.

Sannan ga wuraren da muke girmamawa. A 2016 sai da masu kula da gidan tarihin kisan Yahudawa na Washington da na Auschwitz suka fito suna roƙon mutane su daina wasan Pokémon Go a harabarsu, domin manhajar ba ta san bambancin wurin makoki da wurin shaƙatawa ba. Haka ba za ta san masallacin Juma'a ba, ba za ta san coci ba, ba za ta san maƙabarta ba, sai an gaya mata. Cikin gida kuma fa? Tabaran nan ba ya aiki sai ya ɗauki hoton inda yake. Yaro ya shigo da shi tsakar gida, iyaye mata suna harkarsu ba lulluɓi, kyamara tana zana taswirar ɗaki da zaure. A 2024 Niantic da kansa ya sanar cewa yana gina wata babbar taswirar duniya ta ƙirƙirarriyar basira da hotunan wuraren da 'yan wasa suka ɗauka. Su wuraren jama'a suka ce, na yarda. Amma gidan Bahaushe da na Bafulatani yana da zaure ne don a tsayar da baƙo, wannan baƙon kuwa a fuskar ɗan gida zai shigo.

Kada a fahimce ni ba daidai ba, ba na cikin masu cewa wasan harbi yana mayar da yaro makashi. Ƙungiyar masana halayyar ɗan Adam ta Amurka ta ce a 2020 babu isasshiyar hujjar da za a ɗora aikata ta'asa a kan wasan bidiyo. 'Yan daba sun riga wayar hannu zuwa garin nan. Abin da ke damuna daban ne: yayin da wasa ke ƙara kama da yaƙi, yaƙin ma yana ƙara kama da wasa. A Yukren yau matashi yana sa tabarau, ya riƙe abin sarrafawa irin na gem, ya tuƙa ƙaramin jirgi marar matuƙi har kan mutum. Mu ma a Disambar 2023 mun ga Tudun Biri a jihar Kaduna, inda jirgin soja marar matuƙi ya hallaka masu Mauludi aƙalla 85 bisa kuskure. A allo aka gan su kafin a saki bam. Saboda haka duk yaron da za mu ba wa wannan wasa, wajibi ne wani babba ya zaunar da shi ya nuna masa cewa akwai allon da wanda ya faɗi a cikinsa ba ya tashi zagaye na gaba.

Na san wani zai ce, malam, mu da ko wutar kirki ba mu da ita, ina mu ina wannan? Gaskiya ne, ba mu manta da duhun da muka sha a 2024 ba lokacin da aka lalata turakun layin wuta na Jos zuwa Gombe. Gaskiya ne kuma tabarau na kamfanin Apple mai suna Vision Pro ya fito a 2024 a kan dala 3,499, alhali mafi ƙarancin albashin da aka tsayar a ƙasarmu a shekarar naira 70,000 ne. Amma a 2001 da wayar salula ta shigo Najeriya, layi kaɗai ya fi ƙarfin talaka, yau ga ta a hannun mai tallan gyaɗa. Free Fire ma ai abin da ya sa ya mamaye unguwanninmu shi ne an yi shi don ƙaramar waya. Kamfanin Tecno, wanda wayoyinsa suka cika aljihunmu, ya nuna na'urar gem mai haɗe da irin wannan tabarau a bajekolin Barcelona na 2024. Ta wannan ƙofar zai shigo, da araha, kuma mai shagon gem da janaretonsa shi zai fara sayen guda huɗu yana ba da haya.

Shi ya sa nake kira ga masu ruwa da tsaki tun yanzu. Ya kamata ma'aikatar matasa da wasanni ta ware fili. Masu unguwanni da malamai su sa baki a rubuta wuraren da ba a yarda wasa ya taɓa ba, masallatai da coci-coci da maƙabartu da asibitoci da manyan tituna, domin fasahar killace wuri a taswira tana nan, kamfani yana iya rufe duk inda hukuma ta ce ya rufe. A hana duk abin riƙewa mai siffar bindiga fita wajen fili. A sa shekaru, a sa lokacin tashi kafin magariba.

Ku kuma ƙannena masu karatun kwamfuta a Jami'ar Jihar Gombe da ta Tarayya da ke Kashere, ku nake kallo. Kayan aikin gina irin wannan manhaja, su ARCore na Google da Unity, ana iya fara koyonsu da kwamfutar cinya da wayar Android. Saudiyya ta raba sama da dala miliyan 60 a gasar wasannin bidiyo ta duniya da ta shirya a Riyad a 2024, kasuwar ba ƙarama ba ce. Ba sai kun kwaikwayi sojan Amurka da bindigarsa ba. Ku fara da langa. Rukuni biyu, ruwa ɗaya kowane ɓangare, waya ta zana iyakar fili da gida a ƙasa, ta ƙirga wanda ya saki ƙafa. Ku kai shi wata makarantar sakandare ranar wasanni, ku ba malamin motsa jiki usur ya zama alƙali, ku tsaya gefe ku rubuta duk inda manhajar ta yi tuntuɓe.