Wa ke zaɓen masu zaɓen Jagoran Iran?

A majalisun hira na Bauchi, daga Wunti har Yelwa, in zancen Iran ya taso, yawanci rigimarta da Amurka da Isra'ila ake tattaunawa. Ba a cika tsayawa kan yadda ƙasar ke naɗa Jagoran Addini ba, alhali sojoji da ɓangaren shari'a da gidan rediyo da talabijin na gwamnati duk a hannunsa suke.

A rubuce tsarin ba laifi. Majalisar Ƙwararru mai malamai 88, waɗanda jama'a ke zaɓa duk shekara 8, ita ke naɗa Jagora, kuma tana da ikon sauke shi. Sai dai malami ba ya tsayawa takararta sai wata majalisa mai mutum 12 ta tantance shi. Jagora ke naɗa 6 daga cikinsu kai tsaye. Sauran 6 ɗin shugaban ɓangaren shari'a ke gabatar da sunayensu ga majalisar dokoki, shi ma kuwa Jagora ne ya ɗora shi. A wannan rariya aka tace Hassan Khomeini, jikan Ayatullah Khomeini wanda ya kafa jamhuriyar, a 2016, aka kuma hana tsohon shugaban ƙasa Hassan Rouhani takara a 2024.

Abin da ya faru a 1989 ya fi damuna. Ayatullah Montazeri ne aka ayyana a matsayin magajin Ayatullah Khomeini, Jagora na farko, amma da ya soki kashe fursunonin siyasa, aka ture shi a watan Maris. Khomeini ya rasu ranar 3 ga Yuni, washegari aka naɗa Ali Khamenei, wanda bai kai matsayin marja'i (babban malamin Shi'a da ake bin fatawarsa) da tsarin mulki ya sharɗanta ba. A shekarar aka cire sharaɗin.

Mu nan ba baƙi ba ne a wannan fage. Da Shehu Usmanu Ɗanfodiyo, wanda ya ba Yakubun Bauchi tuta, ya rasu a 1817, aka yi wa Muhammadu Bello mubaya'a, kuma sai da aka sha wuya kafin a daidaita da Abdullahin Gwandu.

Ina girmama tsayin dakan Iran a gaban manyan ƙasashe. Amma majalisar da aka ce ta sa ido kan Jagora, alhali mutanensa ne ke tsaron ƙofarta, ba za ta iya ce masa a'a ba, kuma tun kafuwarta ba a taɓa jin ta fito fili ta tuhumi wani Jagora ba.