Baƙon da ba ya buƙatar kasuwar gari

A Nijar mun ga sojojin waje amma ba mu ga iyalansu ba. Faransawa wajen 1,500 da suka gama ficewa a Disamban 2023 galibinsu zaman wata huɗu suke yi a canza su. Amurkawan sansani na 201 da ke Agadas, wanda suka bari a Agustan 2024, su ma zuwa suke yi su kaɗai, mata da yara na can gida. Shi ya sa ɗan Damagaram idan aka ce masa sojan waje, abin da ke zuwa masa a rai mutum ne cikin mota mai baƙin gilashi. A nan Jamus lamarin daban yake. A kewayen birnin Kaiserslautern, inda sansanin jiragen sama na Ramstein da asibitin soja na Landstuhl suke, Amurkawa sun kai wajen 50,000 idan an haɗa da mata da yara da ma'aikatan farar hula. Da yawansu ma ba cikin shinge suke kwana ba, haya suke yi a ƙauyukan Jamusawa. Duk da haka iyali kan shekara uku su koma ba su san sunan mai gidan da ke kallon nasu ba.

Mutanenmu kan ce girman kai ne. Ni ban yarda ba. Tsari ne aka gina da kyakkyawar niyya, don kada iyalin soja su sha wahalar baƙunta, sai tsarin ya kwashe duk wani dalilin da ke sa baƙo ya fita neman ɗan gari.

A duba yadda abin yake. Yarjejeniyar zaman sojojin ƙungiyar tsaro ta OTAN ta 1951, da ƙarin da aka yi mata don Jamus a 1959, ta ba matar soja da ƴaƴansa matsayi na musamman. Ba sa neman takardar zama, ba sa zuwa ofishin magajin gari su rubuta sunansu kamar kowane baƙo. Cikin sansani akwai kantin abinci da kantin kaya, ana ciniki da dalar Amurka, wato ba tamu dalar ta sefa biyar ba. Akwai lakwal mai bin karatun Amurka tun daga aji ɗaya har ƙarshen sakandare, da gidan waya mai lambar Amurka, da banki, da rediyo da talabijin na sojojin Amurka mai suna AFN, da coci, da likita. Isansi ma da katin rabo suke sha ba haraji. Idan sun sayi babban kaya a gari, akwai takardar da ke cire musu harajin kashi 19 cikin ɗari. Kayan da aka saya ba haraji kuwa, sayar da shi ga ɗan gari laifi ne a wajen duwan, kyautarsa ma tana da iyaka, musamman gahawa da taba da giya. Maƙwabci Bajamushe ba shi da katin shiga kantin, matar soja kuma ba ta da dalilin shiga nasa.

Sai a ɗora wannan kan matar sojan Nijar da aka kawo barikin Damagaram daga Tilaberi, ba ta jin Hausa sai "sannu". Ruwa ya yanke, kamar yadda ya saba yi mana, dole ta yi magana da ɗan garuwa. Hatsi sai ta kai injin niƙa. Ranar Alhamis tana kasuwar Dole tana tayi, mai tumatir na yi mata dariya yana gyara mata ƙidaya. An yi haihuwa a gidan kusa, ta je barka, ta je suna, a sa ta cikin adashi. Kafin damina ta zagayo Hausa ta zauna a bakinta, ƴaƴanta ma sun riga ta. Ba wanda ya buɗe mata aji. Buƙata ce ta koya mata, kuma mu da ke zaune a Turai haka ta yi mana ta wata hanyar: layin ofishin baƙi, da kwas ɗin zama ɗan gari mai awa 600 na harshe da awa 100 na sanin ƙasa, da jarrabawar Jamusanci ta matakin B1. Muna gunaguni, amma daga nan ne bakin mutum ke buɗewa. Matar sojan Amurka an ɗauke mata wannan duka, sai aka haɗa da abin da ke cikinsa.

Inda abin ya fi lalacewa shi ne watannin farko. Iyali kan sauka a masaukin wucin gadi suna neman gida. Kayan ɗaki na cikin jirgin ruwa, mota ɗaya da gwamnati ke ɗauko musu ita ma tana hanya, sai an yi makonni. Permin Amurka shi kaɗai bai isa ba, sai an ci jarrabawar tuƙi ta soja kan dokokin hanyar Jamus, kuma ana faɗuwa. Miji na fita tun duku-duku, wani lokaci a tura shi atisaye wata ƙasa. Mace ta rage a ƙauyen da bas ba ya yawan bi, ba mota, ba harshe. Ta jona na'urar da ta zo da ita ta ƙone, don wutar Amurka bolt 120 ce, ta nan 230, sai da taransfoma. Sannan ga dokokin zaman unguwa da ba a rubuta a ƙofa ba: kantuna a rufe ran Lahadi, ba a tada injin yankan ciyawa ranar, daga ƙarfe 10 na dare ba hayaniya, shara kuma a rarrabe take, takarda daban, roba da gwangwani daban, ragowar abinci daban, kwalba a kai ta inda ake tarawa. Sau da yawa maganar farko da ke shiga tsakaninta da maƙwabci ƙorafi ne kan bola. Wanda aka fara da shi da faɗa da wuya ya koma da kwanon abinci.

Aiki ma wani ciwo ne. Malama ko ma'aikaciyar jinya da takardunta ke aiki a jiharsu, a Jamus sai an sake tantance su, a kuma nemi Jamusanci mai ƙarfi. Guraben cikin sansani kaɗan ne kan masu nema. Wadda ta ce bari ta yi ƴar sana'a daga gida sai ta shiga batun izinin kwamanda da harajin Jamus. Da yawa kan haƙura, su koma zama da waya.

Babban abin dai shi ne wa'adi. Mai iyali wata 36 ake ba shi. Shekarar farko ta tafi a neman gindin zama, ta uku a ɗaure kaya. Ɗan gari ya san haka, ya ga iyali biyar sun shiga gidan nan sun fita, ba zai zuba zumunci inda ya san gobe za a kwashe ba. Baƙo raɓa, ɗan gari kaba. Sai dai mu a Damagaram mun san baƙon da ke zuwa ya tafi tun kafin Nasara. Zango don su aka yi shi a wajen ganuwar Birni, Abzinawa masu ayari da fatake daga arewa. Su ma ba zama suka zo ba. Amma kowane falke yana da mai masauki ɗan gari, wanda zai ajiye masa kaya, ya nemo masa dillali, ya tsaya masa idan rigima ta tashi, baɗi kuma gidansa zai sake sauka. Sojan Amurka ma ana haɗa shi da mai tarbarsa kafin ya iso, amma wannan mai tarba soja ne ɗan uwansa daga rundunarsu, wanda zai nuna masa abin da shi ma aka nuna masa, wato hanyar kantin sansani. Faransawa da suka ci garin a 1899 su ma tsakanin Birni da Zango suka kafa barikinsu da ofisoshinsu, ba su sauka gidan kowa ba.

Iyalan da ke samun shiga cikin gari kusan duk ta ƙofa ɗaya suke bi, ta yara. Wanda ya sa ɗansa mai shekara uku a makarantar renon yara ta Jamusawa, ko ya rubuta shi ƙungiyar ƙwallo ta ƙauye, dole uwa ta tsaya bakin ƙofa da sauran iyaye kullum, ta karanta takardar da aka aiko, ta kai kek ranar biki. Matsalar ita ce gurbi. Ana jeren jira, wasu garuruwan kuma ƴaƴan mazauna masu rajista suke fara ɗauka, ga shi iyalin soja ba su cikin rajistar. Wanda bai nema ba tun makon isowa, kafin layi ya zo kansa yaron ya kai shekarun lakwal ɗin sansani, motar makaranta ta fara tsayawa a ƙofar gida.