Ruwan batir a lagireto, ya halatta?

Wasu na cewa wai ruwan batir yana cin inji, shi ya sa gara a dura na rijiya ko na burtsatse. A'a fa. Ruwan batir tataccen ruwa ne wanda babu gishiri da kasa a ciki, na rijiyar ne ma ke barin farin dattin nan kamar na gindin butar shayi, ya toshe lagireto mota ta rika zafi a go-silo.

Matsalarsa dai shi kadai baya hana tsatsa, kuma yana tafasa a digiri 100. Sai an hada shi rabi da rabi da kulan (ruwan sanyaya inji na kanti) mai kauri, in kulan din hadadde ne to kar a kara komai. Amma a duba jarkar ruwan batir din da kyau, wanda aka sa wa asid ko kusa da lagireto kar ya je.