Dabbobin da muke kai yara kallo a gidan zoo

Jama'a yau maganar gidan zoo nake so mu yi, saboda duk Sallah sai ka ga hotuna sun cika Facebook, yara sun ci kwalliya an jeru gaban kejin zaki ana ta ɗauka, amma da wuya ka ji wani ya tambayi ma'aikatan wurin ko zakin nan ya samu abin da ya ci yau.

Ni dai ba na cikin masu cewa a rufe su. Yaron da ya tashi a Fagge ko Kurna ina zai ga jimina ko kada ido da ido in ba can ba? Marigayi Audu Bako da ya kafa na Kano a farkon shekarun 1970 ai abin arziki ya yi, haka na Sanda Kyarimi a Maiduguri, da na Jos, da wanda ke cikin gidan tarihi na Boubou Hama a Yamai. Damuwata ita ce yadda ake riƙon dabbar bayan an kulle ta.

Akwai wani gidan zoo da na kai yaran yayata, ba zan kama suna ba, wallahi kurar da na gani har yanzu tana raina. Kejin siminti ne tsurarsa, ba ƙasa ba ciyawa ba ramin da za ta ɓuya, ruwan shanta ya yi kore, ita kuma sai kai-komo take daga wannan bango zuwa wancan, ta juya a wuri ɗaya ta dawo ta sake juyawa, ko kallon mutane ba ta yi. Mutane na cewa wai yunwa ce ko mugunta, alhali masu ilimin dabbobi sun daɗe da bayyana cewa irin wannan zirga-zirgar alamar ƙunci ce, dabbar da aka halitta ta yi yawon dare kilomita da kilomita an tsare ta a ɗakin da bai kai shago ba, kuma da rana tsaka lokacin barcinta ake so ta fito a kalle ta. Shi ma zaki ko a dawa yakan kwashe awa 16 zuwa 20 yana kwance a rana, haka Allah ya yi shi, amma sai ka ga samari suna jifansa da dutse wai ya tashi ya yi gurnani tunda sun biya kuɗin tikiti. Kejin birai kuwa ledar fiya wata da ta biskit ce fal ciki, kuma mu muka jefa.

Mu da muka san hadisin matar da ta shiga wuta saboda kyanwa, ta kulle ta ba ta ba ta abinci ba kuma ba ta sake ta ta nema da kanta ba, yana cikin Bukhari da Muslim, tun muna Islamiyya ake karanta mana. To in kyanwa ɗaya ke nan, ina ga gari guda na dabbobi da aka rufe da kwaɗo?

Kuma abin yana iya kai wa maƙura. A farkon 2020 duniya ta ga hotunan zakunan wani wurin shaƙatawa a Khartoum, haƙarƙari duk a waje don yunwa, sai da mutanen gari suka tashi a intanet kafin a kai musu ɗauki, wata zakanyar ma ba ta kai labari ba. A Jos a ƙarshen 2015 zaki ya kuɓuce, ƙarshenta harbe shi aka yi. A Kano ma a 2019 wani ya fita daga keji unguwanni suka kwana cikin zullumi, Allah ya taimaka shi an maida shi da ransa.

Ban ɗora wa masu share keji laifi ba, yawancinsu da tausayi suke aikin kuma ba su ke riƙe da kuɗi ba. Zaki babba na buƙatar nama wajen kilo 5 zuwa 7 kullum, ka lissafa da tsadar nama yanzu, ga magani ga likitan dabbobi. In gwamnati ta san ba za ta iya ciyar da biyar ba ta ajiye biyu ta faɗaɗa musu wuri, sauran a miƙa su inda za a iya, ba abin kunya ba ne, Pakistan ma a 2020 ta bari an ɗauke giwarta Kaavan daga Islamabad zuwa Kambodiya bayan ya yi shekaru shi kaɗai. Ku duba raƙuman dawa na Kouré a Nijar, a 1996 saura 49 kacal, yau sun haura 600, suna kiwo kusa da gonakin mutane ba keji ba waya, kuma baƙi sun sha biya su je gani.

Kuɗin tikitin da ake tarawa ranakun Sallah ina so a riƙa faɗa mana nawa ne ya tafi cikin abinci da maganin dabbobin. Ku kuma iyaye don Allah in kun shiga ku karɓe dutsen daga hannun yaro, ledar ma ku fito da abarku.