Mai gadin da ya sa hannu a rajista ya koma ya kwanta

Abin da ya fito a ƙarshen shekarar 2025 game da madabod (babban allon da ke haɗa sassan kwamfuta) na kamfanonin ASUS da Gigabyte da MSI da ASRock ya ba ni haushi, amma uzurin da ya biyo bayansa ya fi ɓata mini rai. Masu bincike na kamfanin Riot Games ne suka gano cewa a wasu madabod ɗin, manhajar UEFI, wadda ke fara tayar da kwamfuta kafin Windows ko Linux, tana nuna wa mai kwamfuta cewa kariyar DMA, wadda ke hana na'urori leƙa ƙwaƙwalwar kwamfuta ba da izini ba, a kunne take tun daga tashi, alhali ba ta ma tayar da IOMMU, mai gadin da ke yin wannan kariyar, yadda ya kamata ba. Sai ga masu kare kamfanonin suna cewa ai sai ɓarawo ya taɓa kwamfutar da hannunsa, wanda kuwa ya kai hannu ya riga ya gama da kai. Wannan magana ta malalata ce, kuma ta tsufa.

A duba yadda abin yake. Duk manhajar da ke gudana a kwamfuta adireshin aro take gani, ba ainihin wurin da bayananta suke a RAM, ƙwaƙwalwar aikin kwamfuta, ba, kuma akwai sashe a cikin furosesa da ke fassara na aro zuwa na gaske. Amma katin intanet da faifan ajiya na NVMe da katin hoto ba sa bi ta furosesa. Kai tsaye suke karantawa da rubutawa a RAM, shi ake kira DMA. Shekaru da dama adireshin gaske ake miƙa musu, wato duk inda na'ura ta ga dama tana iya leƙawa, har da inda kalmomin sirri da makullan ɓoye faifai suke.

IOMMU ne ya zo ya tsaya a tsakani. Intel na kiransa VT-d, AMD na kiransa AMD-Vi, ARM kuma SMMU. Direban na'ura, wato manhajar da ke sarrafa ta, zai nemi kanel, zuciyar manhajar da ke tafiyar da kwamfuta, ta ware masa wuri, kanel ta rubuta a teburinta cewa wannan na'ura ta samu izinin wannan shafi, ta ba ta adireshin aro. Idan na'urar ta aiko da adireshin da babu shi a teburin, a hana ta, a kuma rubuta laifinta. Wanda ya taɓa duba bayanan tashin Linux ya ga layin DMAR (saƙon IOMMU na Intel) yana kuka, to mai gadin ne yake aikinsa. Abin takaici, shawarar da aka fi bai wa irin wannan mutum ita ce ya rubuta intel_iommu=off, wato ya kashe IOMMU, ya huta. An kori mai gadi don ya cika ihu.

To mu koma kan batun hannu. Tun 2004 aka nuna yadda iPod da aka jona ta wayar FireWire ke karanta ƙwaƙwalwar kwamfuta. Mahaɗin Thunderbolt kuwa fito da hanyar PCIe, wadda na'urorin cikin kwamfuta ke bi, yake yi har bakin ramin da kake soka waya, don haka hannun da ake magana a kai bai wuce wata caja da ka ara ba, ko wayar majigi da ke ajiye a ɗakin taro. Kai da kanka za ka soka. Kuma ba kullum ake buƙatar hannun ba: a 2017 masu binciken Google suka ƙwace guntun Wi-Fi na Broadcom ta iska, daga nan suka bi ta DMA suka shiga kanel ɗin wayar Android. Na'urar da ke cikin kwamfutarka ita ma ƙaramar kwamfuta ce mai manhajarta, ana iya juya ta.

Ban ce IOMMU tsarkakakke ba ne. Binciken Thunderclap na jami'ar Kambirij a 2019 ya nuna inda yake yoyo. Izini shafi-shafi ake bayarwa, shafi kuma kilobait 4 ne, alhali ƙunshin bayanan intanet bai cika wuce bait 1500 ba. Ragowar shafin, da duk abin da kanel ta ajiye a ciki, na'urar tana gani. Ga kuma jinkirin da ake yi wajen soke izini don a rage nauyi, wanda ke barin ƙofa a buɗe na ɗan lokaci bayan an ce an rufe. Amma katangar da ta tsage gyara take nema, ba wanda yake rushe ta don ta tsage.

Masu cewa fassarar adireshi na rage gudu, su je su gaya wa masu sabar da ke tura gigabit 100 a daƙiƙa, ba mai laptof da ba zai taɓa jin bambancin ba.

Abin da ya fi ci mini rai shi ne ƙaryar da ke kan allo. Mutum ya shiga UEFI, ya kunna kariya, ya ga an rubuta a kunne take, ya fita hankalinsa kwance. Gara a ce masa babu, ya san inda dare ya yi masa. Kamfanonin sun fitar da gyara, na sani, amma mutum nawa ne ke sabunta UEFI? Ya kamata Windows da Linux su daina yarda da bakin madabod, su duba da kansu ko IOMMU ya tashi, in bai tashi ba su faɗa wa mai kwamfutar ƙarara a gaban allo.