Ba rashin jari ne kaɗai ke kashe ƙananan sana'o'inmu ba

'Yan uwa, akwai maganar da ta daɗe tana ci mini tuwo a ƙwarya, yau dai zan amayar da ita. Mun iya raina ƙaramar sana'a, kuma rainin nan shi ne yake sa muke shigarta da ka, ba koyo ba lissafi, in ta rushe mu ce ai dama jarin ne ya yi kaɗan, ko mu ce baki ne ya kama mu.

Wanda duk yake son ya san abin da yake riƙe da garuruwanmu, ya fito bayan sallar asuba ya duba. Mai ƙosai ta riga ta hura wuta, mai shayi ya jera biredi da kwalin madara, mai faci ya jawo injinsa bakin titi, 'yan Adaidaita Sahu sun fara ɗibar mata masu tafiya sari Yankaba da Dawanau. Babu ɗaya a cikinsu da yake jiran albashin ƙarshen wata, amma kowannensu akwai bakuna biyar, takwas, goma da suke ci daga hannunsa. Binciken da SMEDAN, hukumar bunƙasa ƙanana da matsakaitan sana'o'i, da Hukumar Ƙididdiga ta Ƙasa suka yi ya nuna cewa a 2017 akwai ƙanana da matsakaitan sana'o'i miliyan 41.5 a Najeriya, zuwa 2020 suka ragu zuwa miliyan 39.6. Su ne suke samar da kusan rabin arzikin ƙasar, kuma sama da kashi 80 cikin ɗari na masu aiki a nan suke samun abin sawa a bakin salati. Gwamnatin tarayya da jihohi 36 da ƙananan hukumomi 774 duk a haɗa, ba su ɗauki ko kusa da wannan adadi ba. Kuma ku lura da raguwar: kusan sana'a miliyan 2 ta ɓace cikin shekara 3. Kowace ɗaya gida ce da tukunyarsa ta yi sanyi.

Mu Hausawa ma bai kamata a yi mana wa'azin darajar kasuwanci ba. Kasuwar Kurmi tun ƙarni na 15 take ci, tun zamanin Sarki Muhammadu Rumfa. Alhassan Ɗantata, wanda aka haifa a Bebeji a 1877, da fataucin goro a hanyar Gwanja ya fara, kafin jirgin ƙasa ya iso Kano a 1911 kasuwar gyaɗa ta buɗe. Da ya rasu a 1955 ana lissafa shi a matsayin wanda ya fi kowa arziki a Afirka ta Yamma. Abin da nake so mu ɗauka daga irin waɗannan mutane ba yawan dukiyar ba ne. Shi ne cewa ba wanda ya wayi gari ya tsinci kansa a saman tsani. A Kantin Kwari har gobe, yaro sai ya yi shekaru yana buɗe shago, yana ɗaukar dila, yana ninke atamfa, yana sauraren yadda maigidansa yake taya kaya da yadda yake sallamawa, kafin a ce an yaye shi an ba shi jari. A cikin shekarun nan yake sanin wane zane ne yake tafiya da azumi, wane ne yake kwantai, wane dillali ne mai amana, wane kwastoma ne in ya ce "gobe" yana nufin baɗi.

Wannan makarantar ce matasanmu na yanzu suke son tsallakewa. Mutum ya ɗauki adashi, ko an raba gado, ko ya samu kuɗin sallama daga wurin aiki, sai ya waiga ya ga maƙwabcinsa ya buɗe wurin POS yana ta danna na'ura, shi ma sai ya kafa lemarsa taku goma daga ta maƙwabcin. Wata uku a tsakani layin ya cika da lema biyar, kowa yana rage caji don ya janye kwastoman ɗan uwansa, kowa yana zaune yana kallon titi. Ba wanda ya tsaya ya tambayi kansa mutum nawa ne suke cire kuɗi a layin nan a wuni, kuma in an raba su biyar me zai rage. Haka aka yi da wurin cajin waya, haka aka yi da shagon sayar da data, haka ake yi da kayan mata a WhatsApp. Ganin wani yana samu ba ya nufin kai ma za ka samu, domin ba ka ga abin da ya sani ba, samun kawai ka gani.

Kiwon kaji ya fi kowanne nuna wannan. Ana cewa kajin gidan gona sati 6 zuwa 8 sun isa yanka, sai mutum ya yi lissafin riba a kan takarda ya ji daɗi. Ya sayo 'yan tsaki ɗari biyu, ya zuba su a ɗakin da iska ba ta ratsawa, bai san lokacin rigakafin cutar gumboro ba, bai san cewa abinci ne yake cinye kaso mafi tsoka na kuɗin kiwon ba, kuma a satin ƙarshe ne suka fi ci. Ya kai sati na biyar kuɗin abinci ya ƙare, ya fara rage musu, su kuma su daina girma. In Allah ya sa sun tsira, sai ya tuna bai nemi mai saye ba. Kaza kuwa da ta isa sayarwa, duk kwanan da ta ƙara a keji daga ribarka take ci. Ƙarshe 'yan sari su zo su same shi a matse su taya yadda suka ga dama. Da ya yi wata biyu yana taimaka wa wani mai kiwo kyauta, yana kwashe kashi yana cika mazubin ruwa, da ya fara da guda talatin, da ya san duk wannan ba tare da ya biya da jarinsa ba.

Amma babbar cutar, wadda na fi ganin ta kwantar da mutanen kirki masu ƙoƙari, ita ce cin uwar kuɗi ba tare da an sani ba. Mai tireda ya yi cinikin dubu arba'in a wuni, ya ga kuɗi sun cika aljihu, zuciyarsa ta yi fari. Ya zari dubu uku na cefane, ya ɗauki madara da sukari a kanta ya aika gida bai rubuta ba, ƙaninsa ya zo ya ba shi kuɗin mota, aboki ya yi haihuwa ya kai gudummawa. Duk abubuwan alheri ne. Sai dai a cikin dubu arba'in ɗin nan wataƙila ribarsa ba ta wuce dubu uku ko huɗu ba, sauran kuɗin kaya ne, na kasuwar Singa ne inda ya saro su, can za su koma. Ba ranar da zai ji ya yi asara. Kantar ce kawai za ta riƙa yin sarari a hankali, yau babu taliya, jibi babu man gyaɗa, har ya fara jera kwalaye marasa komai don kada shagon ya yi kama da kango.

Tun daga 2023 abin ya ƙara muni, kuma a nan nake so masu sana'a su buɗe kunne sosai. An cire tallafin man fetur ranar 29 ga Mayu na shekarar, a watan Yuni aka saki naira ta nemi darajarta a kasuwa, dalar da take ƙasa da naira 500 a farashin gwamnati ta haura 1,500 a 2024, hauhawar farashi ta wuce kashi 34 cikin ɗari a ƙarshen shekarar. A irin wannan yanayi tsohon lissafin "na saya kaza na sayar kaza" yaudara ne. A ce ka sari katan a naira 10,000, ka sayar da shi ɗai-ɗai ka tara 11,000, ka ce ka ci ribar dubu, ka kashe ta. Ka koma kasuwa ka tarar katan ya zama 11,500. Ba riba ka ci ba, jarinka ka ci, sai ka nemo dubun da ka kashe da ƙarin ɗari biyar kafin ka mayar da katan ɗaya mazauninsa, ban da kuɗin mota da na ɗan dako. Mutane da yawa a haka suka ƙare, suna ciniki kullum, kuɗin hannunsu yana ƙaruwa a lamba, kayan shagonsu yana raguwa a ƙirge. Farashin da za ka sake sayo kaya shi ne ma'auninka, ba wanda ka sayo jiya ba. Kuma jarinka ka riƙa ƙirga shi da kaya: katan nawa, buhu nawa, yadi nawa nake da su a farkon wata, nawa nake da su a ƙarshensa. Wannan ba tsawwalawa ba ce, ba kuma ɓoye kaya don a jira tsada ba, wanda shi zalunci ne. Kare shagon ne don gobe ma unguwa ta samu inda za ta sayi gishiri.

Maganin bai wuce littafi na naira ɗari biyu da biro ba. Abin da ya shigo, abin da ya fita, abin da ka ɗauka don gida. Ka yanka wa kanka albashi daidai ƙarfin sana'ar, in ya ƙare ya ƙare. Asusun bankin da kwastomomi suke turo kuɗi ya zama daban da wanda kake sayen kati da shi. Na san akwai masu jin cewa rubuta komai kamar rashin tawakkali ne ko rowa. Ina tuna musu cewa aya mafi tsawo a Alƙur'ani, ta 282 a Suratul Baƙara, a kan rubuta bashi ta sauka.

Bashin kuwa, wayyo. Bahaushe ya ce bashi hanji ne, yana cikin kowa, kuma gaskiya ne ba a kasuwanci a unguwa ba tare da shi ba. Amma sabon mai shago kunya ce take kashe shi. Kawu ya aiko, ba ya iya cewa a'a. Abokin makaranta ya ɗauki shadda zuwa ƙarshen wata, ƙarshen watan bai zo ba har yau. Wanda ya ci bashin kuma sai ya daina biyowa ta layin, ya koma sayayya da kuɗi hannu a wani shagon, ka rasa kuɗin ka rasa kwastoman ka rasa zumuncin. Ka ware iyakar abin da za ka iya bayarwa bashi ba tare da ya hana ka komawa sari ba, in ya cika ka tsaya, ka faɗa da fuska a sake. In kana son yi wa ɗan uwa alheri, ka ba shi kyauta daga albashinka, ka san ka bayar. Mu kuma masu karɓa, mu ji tsoron Allah. Kayan da ka ɗauka a shagon ƙaninka ba na ƙaninka ba ne shi kaɗai, wataƙila shi ma bashi ya ɗauko.

Akwai kuma masu kashe rabin jari a kan kwalliya tun kafin su sayar da ko allura: hayar shekara biyu a bakin babban titi, tayil, gilashi, allon suna mai wuta, sannan a zuba kayan da ba su cika kanta biyu ba. Akwai masu buɗe shago su damƙa wa yaro su tafi, sai dai waya da yamma, "nawa aka yi?" Akwai masu ɗebe kuɗin sana'a su zuba a inda aka yi musu alkawarin ninki cikin wata guda. MMM ta rufe da kuɗin mutane a Disambar 2016, CBEX ta maimaita a Afrilun 2025, kuma a tsakaninsu an yi wasu da yawa. Duk wanda ya taɓa sayar da kwano ɗaya na shinkafa ya san babu halastacciyar sana'ar da take ninka kuɗi a wata.

Ban ce duk laifin namu ba ne. Mai walda da tela da mai niƙa suna biyan kuɗin wutar da ba su gani ba, sannan su sayi mai su zuba a janareta. Masu karɓar haraji kala-kala suna zuwa da rasit iri-iri. Ƙarancin takardun kuɗi na farkon 2023 ya durƙusar da masu sayar da kayan gwari da ba su da asusun banki. Gobarar kasuwar Sabon Gari ta 2016 ta cinye dubban shaguna, ambaliyar Kantin Kwari ta 2022 ta lalata kaya na maƙudan kuɗi. Waɗannan hakkinmu ne mu yi ta magana a kansu har a gyara. Sai dai wanda yake da littafi, yake da ɗan abin da ya ajiye gefe, ya yi rajistar sunan sana'arsa da hukumar rajistar kamfanoni ta CAC, shi ne yake iya tashi bayan faɗuwa, shi ne kuma yake da abin nunawa in ya je neman jari, ko a bankunan da ba sa harka da ruwa irin su Jaiz da TAJ, ko a wurin wani attajirin unguwa.

Sai maganar iyayenmu mata da matanmu, wadda ita ce ta fi taɓa ni. A cikin gidajenmu akwai masana'antu da ba a ƙirga su: ƙuli-ƙuli da man gyaɗa, ɗan wake, awara, dambun nama, turaren wuta da humra, ɗinkin hula, kitso, saƙa. Da wannan kuɗin ake sayen takalmin makaranta, da shi ake haɗa kayan ɗakin 'ya mace, da shi ake kai yaro asibiti cikin dare in maigida ba ya nan. Jarin da yawa bai wuce na tiya biyar ta gyaɗa ba. Kuma sau da yawa ba kasuwa ce take karya shi ba, mu ne maza. "Ara mini dubu biyu na cefane, in na dawo zan ba ki." Ba a dawo da kuɗin ba, matar kuma nauyin baki ya hana ta tambaya. Sati na gaba tiya uku za ta iya saya, na gaba biyu, daga nan kaskon suya ya koma bayan ɗaki a kife. Malam, ciyar da gida wajibinka ne, kuɗin sana'arta nata ne. In larura ta sa ka ara, ka rubuta, ka faɗi ranar biya, ka biya kafin ranar kasuwar da take zuwa sari, domin in ranar ta wuce ba ta sayo gyaɗa ba, satin nan gaba ɗaya ba ta da abin soyawa.