Ɗan Hunturu a Kan Dutsen Tubkal

Wanda ya sha hunturun Kano a kan babur da asuba gani yake ya gama sanin sanyi. Da wannan taƙama na sauka Imlil a watan Janairu, ƙauyen da ake fara hawan Tubkal daga cikinsa, tafiyar kamar awa ɗaya da rabi daga Marrakesh. Tubkal ne dutse mafi tsawo a Maroko da ma Arewacin Afirka, mita 4,167, kuma tun bayan 2018 ba a barin kowa ya hau shi sai da ɗan jagora.

Nawa ɗan jagoran, wani ɗan ƙabilar Amazik mai ƙarancin magana, ya dube ni sama da ƙasa: singileti, rigunan auduga, suwaita, ga ƙatuwar jaket a kai. Ya ce in rage. Na yi masa murmushin manya.

Ranar farko ana tashi daga mita 1,740 zuwa masaukin da ke mita 3,207, tafiyar awa biyar zuwa shida. Kafin mu kai Sidi Shamharush, wurin farin dutsen nan da ake ziyara, na jiƙe sharkaf. Muna zama shan shayi haƙorana suka fara kaɗawa. Auduga tana shan gumi ta riƙe shi, da ka tsaya iska ta buga, sai ta dinga zuƙe ɗumin jikinka. Ƙa'idar sa kaya hawa uku ce: ulu ko yadin roba a jikin fata, mai ɗumi a tsakiya, mai tare iska a waje. Kuma ka fara tafiya kana ɗan jin sanyi, nan da minti goma jiki zai kawo nasa. Alfadaran da suka ɗauko kayanmu kuwa, suna isa inda dusar ƙanƙara ta fara suka ja birki. Sun fi mu hankali.

Washegari tun kafin ketowar alfijir muka fita da tocila a goshi. Ba mugunta ba ce. Da dare dusar takan daskare ta yi tauri, ƙarfe ya kama ta. Rana na ɗagawa sai ta yi laushi, ƙafa ta dinga nutsewa, haɗarin zaftarewarta kuma ya ƙaru. Ƙarfen nan shi ne kirampon, mai haƙora 10 ko 12, da ake ɗaure wa takalmi mai taurin ƙasa. Ana taka shi ne a shimfiɗe, duk haƙoran su shiga, kuma ƙafafu a wawware, kamar yaron da bai daɗe da shan kaciya ba. Ni kuwa na ce girmana ya wuce wannan tafiyar. Haƙorin dama ya cafki ƙafar wandona na hagu, mai faɗi irin namu, ya farka shi har gwiwa, na kifa da fuska.

"Shwiya shwiya, ya khoya," in ji ɗan jagora, wato sannu sannu, ɗan'uwana. Ya zaro igiya ya ɗaure min bakin wandon, sannan ya mayar min da gatarin ƙanƙara hannun da ke ɓangaren tudu. Can ne muhallinsa: in ka zame, ka juya rubda ciki, ka danna bakinsa cikin dusar da nauyin ƙirjinka, ka ɗaga ƙafafu sama. In haƙoran suka kama ƙasa kana cikin sulɓewa, wuntsila ka za su yi.

A sama iska ba ta ƙoshi. Wajen mita 4,000 abin da huhu ke samu a numfashi ɗaya kamar kashi 60 ne cikin ɗari na wanda yake samu a bakin teku, ga sanyi yana ƙaruwa kamar digiri 6 a kowace mita dubu. Na ɗauko gora in sha ruwa, bakinta ya toshe. Ruwa daga sama yake fara daskarewa, shi ya sa ake kifa gorar a cikin jaka, ko a sa ta cikin safa. Dabinon da na ajiye a aljihun waje kuma ya nemi fasa min haƙori.

Mun kai ƙololuwa, inda aka kafa dalar ƙarfe. Na gyara tsayuwa, na zaro waya, ta nuna batir rabi, ta mutu. Sanyi kan kashe batir, wurin waya aljihun ciki ne kusa da fata.

Saukowa ta fi hawa wuya, domin dusar da ta yi laushi tana dunƙulewa a ƙarƙashin kirampon har ta rufe haƙoran, sai kana ƙwanƙwasa takalmi da gatari a kai a kai. Tabarau dai na sa, amma man kare rana na ƙi, wai baƙar fata ba ruwanta. Sabuwar dusa tana mayar da kusan kashi 80 na hasken da ke ƙona fata, kuma daga ƙasa yake bugowa. Ƙarƙashin hancina da haɓata ne suka saɓule. Da na kira gida ta bidiyo, Hajiya ta yi shiru tana kallona, can ta ce, "Kai, ɗan nan, shayin can da hanci ake shan sa?"